Kindirmon Hajiya da ƙwayar amlodifin

Ranar Juma'a bayan la'asar na leƙa gida gaida Hajiya, sai na tarar da furarta an dama da ruwa zalla, babu ko ɗigon nono. Matar da ba ta iya kwana ba ta sha kindirmo ba! Na ce, "Hajiya, lafiya? Ko mai nonon ce ba ta zo ba?" Ta ce ta zo, ita ce ta sallame ta. Wai ɗan maƙwabciyarta ne ya karanta takardar da ke cikin kwalin amlodifin, maganin hawan jininta, ya ce maganin na tare kalsiyam ne, nono kuwa cike yake da kalsiyam, saboda haka in tana sha tana karya magani. Sati biyu ke nan tana wannan azumi.

Dariya ta so kama ni, na danne, don yaron ya faɗi rabin gaskiya. Shekara takwas ina koya wa ɗaliban jinya yadda jiki ke aiki, kuma su ma a nan suke tuntuɓe.

Na ɗauko wandon jikanta daga kan igiyar shanya, na ja zariyar har bakin ya tsuke. Na ce mata haka jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya take. A bangonta akwai wata siririyar tsoka da ta zagaye ta, wadda ba ta jin umarnin mutum kamar tsokar hannu, kuma ba ta taɓa sakewa gabaɗaya, kullum a ɗan ɗaure take. Abin da ke jan zariyar nan shi ne kalsiyam. Amma fa ba na ƙwarya ba. Kusan kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki yana ajiye a ƙashi da haƙora. Ɗan abin da ke yawo a jini kuwa jiki na tsaron ma'auninsa sosai, ko an sha nono ko ba a sha ba: in ya yi ƙasa a ciro daga ƙashi, in ya yi yawa ƙoda ta zubar.

Inda gizo ke saƙar shi ne bakin ƙofar ƙwayar tsokar, wato ɗaya daga cikin ƙananan ƙwayoyin halittar da suka haɗu suka yi tsokar. Kalsiyam da ke wajenta ya ninka na cikinta kusan sau 10,000, yana jiran a buɗe masa ne kawai. A jikin ƙwayar akwai ƙananan ƙofofi masu buɗewa idan cajin lantarkinta ya sauya. Da ya kutsa, sai ya kama wani furotin mai suna kalmodulin, su biyun su tada wani sinadari da ke kunna mayosin, shi kuma mayosin ya damƙi aktin ya ja, wato zaruruwan furotin biyu da ke tsuke tsoka. Jijiya ta tsuke ke nan. Kafin ta sake, sai wasu famfuna sun kwashe kalsiyam ɗin, wani su jefa waje, wani su mayar rumbun da ke cikin ƙwayar.

A mai hawan jini wannan tsarin ne ke wuce gona da iri. Ƙofofin na yawan buɗewa, sinadaran jiki masu tsuke jijiya irin su anjiyotensin da noradirenalin na fasa rumbun ciki, har ma tsokar ta koma mai saurin fushi, kalsiyam kaɗan ya ishe ta ta ɗaure tamau. Kuma lissafin ba shi da sauƙi ko kaɗan. In faɗin jijiya ya ragu da kashi 10 cikin 100 kacal, wahalar tura jini ta cikinta na ƙaruwa da kusan rabi. In ya ragu da rabi, wahalar ta ninka sau 16. Duk wanda ya taɓa danne bakin tiyo da babban yatsa wajen wankin mota ya san wannan a hannunsa. Jijiyar ma tana da wata ɗabi'a da Bayliss, wani masanin aikin jiki ɗan Ingila, ya bayyana tun 1902: in matsin jini ya buɗa ta, maimakon ta saki sai ta ƙara tsukewa. In aka daɗe a haka, bangon ya yi kauri, hanya ta ƙara matsewa.

Labarin da na fi so in ba ɗalibai shi ne na wani likita mai suna Sydney Ringer a Landan, wajen 1883. Zuciyar kwaɗo yake ajiyewa a ruwan gishiri tana ta bugawa, ashe mai taimaka masa ruwan famfo yake zubawa maimakon tataccen ruwa. Da aka koma tatacce sai zuciyar ta tsaya. Kalsiyam ɗin ruwan famfon ne ke riƙe da ita. Da Hajiya ta ji wannan cewa ta yi, "Ka ga amfanin lalacin yaro."

Amlodifin, ƙwayar da take haɗiya kowace safiya, zama yake a bakin waɗancan ƙofofin ya rage masu shiga. Bai san hanyar ƙwaryar nono ba, ba ya kuma taɓa ƙashi. Yana daɗewa a jiki, sai an yi awa 30 zuwa 50 kafin rabinsa ya fita, shi ya sa sau ɗaya a rana ya wadatar. Akwai kuma binciken da likitan zuciya Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, aka wallafa a 2019, wanda ya nuna haɗin magani mai amlodifin a ciki ya fi saukar da jinin baƙar fata a kan haɗin da babu shi.

Ina cikin bayani ta janye zane ta nuna min idon sawunta, ya ɗan kumbura. Na danna da yatsa, wurin ya lotsa. Wannan kam aikin maganin ne: ya buɗa ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ƙafa fiye da masu mayar da shi, sai ruwa ya tsattsafo ya taru. Na roƙe ta kada ta daina sha da kanta, Litinin zan kai ta asibiti likita ya duba ko zai rage ko ya haɗa da wani. Na kuma ce in akwai abin da za ta yi wa azumi, to gishiri ne da dunƙulen da ake zabgawa a miya.

Ta yi shiru, sannan ta ƙwala wa jikanta kira, ta kunce bakin zane ta ba shi kuɗi. "Maza bi bayan mai nono, ka ce ta auno mai kauri."