Abin da kwalbar jini mai ja-ja ta koya mini a binciken maikuro-RNA da kansar hanji

Na shiga binciken maikuro-RNA a shekarar farko ta digirina na biyu, kuma abin da ya ja ni shi ne halin da nake ganin masu kansar babban hanji da dubura suna zuwa asibiti a cikinsa. Da yawansu sukan shafe watanni suna ganin jini a bayan gida, suna shan maganin basir, sai ciki ya toshe ko jiki ya rame sannan a kawo su, a lokacin da ciwon ya riga ya yi nisa. A duniya ma wannan kansa ita ce ta uku wajen yawa, ta biyu wajen kisa. Alƙaluman hukumar binciken kansa ta duniya da ke Liyon a Faransa sun nuna cewa a 2022 sama da mutum miliyan 1.9 ne suka kamu, fiye da 900,000 kuma suka rasu. Na'urar leƙa hanji tana da tsada, masu iya aiki da ita kuma ba su da yawa a wurinmu. Saboda haka burina shi ne gwajin jini mai sauƙi wanda zai nuna ciwon tun yana ƙarami.

Ƙwayar halitta tana ajiye umarninta a cikin DNA, kuma idan tana son haɗa wani furotin sai ta kwafi umarnin a kan RNA ɗan aike, ta tura shi inda ake haɗawa. Maikuro-RNA wani gutsure ne mai haruffa kimanin 22, wanda shi kansa ba ya zama furotin. Sinadarai biyu, Drosha da Dicer, su ke yanko shi daga doguwar tsarkiya, sannan furotin Argonaute ya ɗauke shi ya kai shi ya manne a wutsiyar ɗan aike, inda haruffa na 2 zuwa na 8 suke tantance saƙon da zai kama. Da zarar ya kama, sai a rage karanta saƙon ko a rushe shi. Aikinsa ya fi kama da na mai rage wa fitila lagwani fiye da na mai hure ta, sai dai guda ɗaya yana iya rage lagwanin fitilu ɗaruruwa a lokaci guda. Victor Ambros da Gary Ruvkun ne suka fara gano wannan tsari a 1993 a jikin wata 'yar ƙaramar tsutsa, aikin da ya ba su lambar yabo ta Nobel a 2024.

A kansar hanji, waɗannan gutsattsari sun shiga kusan kowane mataki da aka sani. An nuna cewa miR-135 (da miR da lamba ake kiran kowane maikuro-RNA) yana danne APC, ƙwayar gadon da lalacewarta ke buɗe ƙofar fitowar tsiro a bangon hanji. An nuna cewa p53, mai gadin ƙwayar halitta, yana tayar da miR-34a don ya taya shi tsayar da rarrabuwar ƙwayoyin da suka lalace. Dangin miR-200 suna riƙe ƙwayoyin shimfiɗar hanji a mazauninsu, kuma idan suka yi ƙasa sai ƙwayoyin kansa su sami damar ɓallewa su yaɗu. A 2008 aka wallafa cewa masu kansar hanji da miR-21 ya yi yawa a ƙarinsu ba sa daɗewa kamar sauran, a 2009 kuma masu bincike a Hongkong suka ba da rahoton hauhawar miR-92 a ruwan jinin masu wannan ciwo. Wannan rahoto na ƙarshe shi na ɗora aikina a kai.

Na tattara jini daga marasa lafiya a ɗakin kwanciya na sashen tiyata, na kuma tattara daga masu lafiya don kwatantawa. Da sakamakon farko ya fito daga na'urar PCR mai auna yawan maikuro-RNA a samfuri, miR-92a, wato miR-92 ɗin da aka ba da rahotonsa, ya fi yawa ƙwarai a jinin marasa lafiya, daidai yadda nake fata. Na kai wa malamin da ke duba aikina takardar, ya duba ta na ɗan lokaci, sannan ya ce in ɗauko masa kwalaben kansu daga firiza. Ya jira suka narke, ya jera su a bakin taga, ya ɗora farar takarda a bayansu. Ruwan jinin masu lafiya rawaya ne garau kamar karan dawa busasshe, amma da yawa daga cikin na marasa lafiya sun yi ja-ja, wasu kaɗan ƙwarai, wasu kuwa a fili.

Ya tambaye ni, "A ina ka ɗebi waɗannan, kuma awa nawa suka yi kafin ka raba ruwan jinin da ƙwayoyinsa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, na masu lafiya a nan ɗakin gwaji na ɗeba, na raba su nan take. Na marasa lafiya kuwa sai da na gama zagaye na dawo da su."

Ya ce, "To, ka auno mini abin da ya fito daga jajayen ƙwayoyin jini, kafin mu yi maganar abin da ya fito daga hanji."

Jajayen ƙwayoyin jini cike suke da miR-451 da miR-16 da kuma miR-92a ɗin da nake nema. Jijiyoyin marasa lafiyana sun ƙanƙance saboda rama da ƙarancin ruwa, na yi amfani da siririyar allura ina jan sirinji da ƙarfi, kwalaben kuma sun zauna cikin zafi na sa'o'i. Duk waɗannan suna fasa jajayen ƙwayoyi, su zubar da abin da ke cikinsu a ruwan jini. Da na auna yadda kowane samfuri ke shanye haske a nanomita 414, wato awon launin hasken da jan sinadarin jini ke bayyana a cikinsa, na kuma kwatanta miR-451a na jajayen ƙwayoyi da miR-23a wanda fashewarsu ba ta ƙara shi, sai na ga har wasu kwalaben da ido ya ɗauka lafiyayyu sun gurɓata. Da na ware gurɓatattun, yawancin bambancin da na yi murna da shi ya tafi. Na'urar ba ta yi kuskure ba, abin da ke cikin kwalba ta auna. Ni ne ban tambayi daga wace ƙwaya ya fito ba. Watannin da suka tafi sun yi mini ciwo, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutanen da suka miƙa hannu aka ɗebi jininsu suna cikin azaba, da yardar cewa zai yi amfani.

Daga baya na fahimci cewa wannan tambaya ta taɓa girgiza fannin baki ɗaya. A 2003 masu bincike a Ostareliya suka gano cewa miR-143 da miR-145 sun ragu a ƙarin hanji idan aka kwatanta da lafiyayyen hanji, kuma shekara da shekaru ana ɗaukar su a matsayin masu hana kansa daga cikin ƙwayoyin shimfiɗar hanji. A 2014 ɗakin binciken Joshua Mendell a Amurka ya nuna cewa mazauninsu na ainihi shi ne tsokar bangon hanji da ƙwayoyin da ke tallafe da shimfiɗar. Ƙari kuwa tarin ƙwayoyin shimfiɗa ne, tsoka ba ta da yawa a cikinsa, don haka idan aka niƙa yankin nama gaba ɗaya aka auna, dole a ga kamar sun ragu. Shi ma miR-21, da aka rina yankan nama aka duba a madubin ƙara girma, an same shi da yawa a ƙwayoyin da ke kewaye da kansar. A ganina wannan bai rage darajar binciken farko ba, domin shi ya buɗe hanya, amma ya sauya ma'anarsa sarai.

Fannin magani ma ya sha irin wannan darasi da tsada. MRX34, maganin da aka haɗa don ya kwaikwayi miR-34a, ya shiga gwaji a jikin mutane a 2013, aka dakatar da shi a 2016 bayan garkuwar jiki ta tayar da mummunar illa har wasu marasa lafiya suka rasu. Abin da ke taɓa ɗaruruwan saƙonni ba ya tsayawa inda likita ya nufa kaɗai.

Har yanzu gwajin ɓoyayyen jini a bayan gida da na'urar leƙa hanji su ne abin dogaro wajen gano wannan ciwo da wuri, kuma su nake faɗa wa duk ɗan'uwan da ya ce mini basir ya dame shi. Aikina kuwa na sake shi daga tushe. Yanzu allura iri ɗaya nake sa wa mai lafiya da mara lafiya, ina rubuta lokacin ɗiba da lokacin rabawa a jikin kowace kwalba, ina tafiya zagaye da akwatin sanyi, kuma babu samfurin da ke shiga na'urar PCR sai ya wuce awon nanomita 414. Samfuran da suka tsallake sun fi na da ƙaranci, tattara su kuma ya ɗauke ni ƙarin watanni da dama.