Na shiga motar da ba direba a Arizona

Shekaranjiya na dawo Jos daga Amurka, har yanzu barcina bai daidaita ba. Zancen jirgi a bar shi, sai dai jami'in da ya tare ni inda muka fara sauka, ya yi ta juya fasfona kamar mai duba jabun kuɗi, ya kuma ƙwace kilishin da Hajiya ta ƙulla wa ƙaninta. Wai ba a shiga da nama. To, a faɗa da sakin fuska mana!

Ƙanin nata ne ya sauke ni a birnin Finiks na jihar Arizona, yaron kirki, ko ruwa bai bari na saya ba. Kwana biyu da zuwana ya ce, "Yaya, yau motar aljanu za ka shiga." Ya latsa waya, sai ga farar Jaguar ta kamfanin Waymo, da wani abu a kanta yana juyawa kamar murfin tukunya. Wai da shi take ganin hanya. Kujerar direba wayam. Na ja Ayatul Kursiyyu na shiga. Sitiyari na murɗa kansa, ta ba da sigina, ta tsaya cak a danja alhali titin ba kowa. Wata tsohuwa ta zo tsallakawa da karenta, motar ta jira, ko hon babu. A Taminus da tuni an zage ta tas.

Dala 14 ya biya. Na juya shi zuwa naira a zuci, na ga kuɗin motar Abuja ne har da canji, a tafiyar da ba ta wuce Farin Gada zuwa Bukuru ba.

Da muka bi ta Tempe, wani gari kusa da Finiks, ya nuna mini wajen da motar gwaji mai tuƙa kanta ta kamfanin Uber ta kashe wata mata mai tura keke a 2018. Gwamnan jihar ya dakatar da gwajinsu, amma matar da aka zaunar a gaba don sa ido ita aka gurfanar, kamfanin bai fuskanci tuhumar laifi ba. Nan jikina ya yi sanyi. A Kalifoniya kuwa, da motar kamfanin Cruise, ita ma ba direba, ta ja wata mata a ƙasa a 2023, hukuma janye musu izini ta yi.

Ni fa tambayata ke nan: in ta buge mutum a titin Bauchi, wa za a kama? Wa jami'in kiyaye haɗurra zai tambaya lasisi, wa zai biya diyya? Motar ta dogara da zanen titi da danja mai aiki, mu kuwa ga rami, ga mai Keke Napep da ke juyawa inda ransa ya so. A fara fenti tukuna.

Sauran kwanakin kasuwa ce da zafin rana. A hanyar dawowa, daga Abuja direbanmu ya biyo da mu ta Akwanga, waya a kunne, yana obatekin a hawan Kibo.