Bin sawun jijiyoyin da ke kwashe jini daga ƙwaƙwalwar birin kapucin

Duk wanda ya taɓa ciro ƙwaƙwalwar dabba don nazari ya san yadda aka saba yi: a zagaye ƙoƙon kai da zarto, a ɗage murfin, a yanke kakkauran mayafin da ya lulluɓe ta, a ciro ta a jefa a kwalba. In jijiyoyin da ke kawo jini kake nema, wannan ya wadatar, domin a ƙasan ƙwaƙwalwar suke manne, tare suke fitowa. In kuwa masu mayar da jini zuciya ne gabanka, to ka riga ka zubar da rabin aikinka a kwandon shara. Manyansu a cikin mayafin nan da ka yanke suke, wanda masana ke kira dura.

Na yi wannan aikin ne a wani ɗakin nazarin sassan jiki da ke ƙasar Barazil, a kan wani nau'in birin kapucin da masana ke kira Sapajus libidinosus. Shi ne wanda ya yi suna da fasa 'ya'yan itace masu tauri da dutse, musamman a jihar Piyawi. Kafin 2012 galibin littattafai a ƙarƙashin sunan Cebus suke ajiye shi, don haka mai neman tsofaffin rubuce-rubuce sai ya nema da sunayen biyu. Ƙaramin biri ne, bai cika wuce kilo 4 ba, amma ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan giram 70, wanda a jiki irin nasa ba ƙarami ba ne. Ba a kashe ko ɗaya saboda mu ba. Gawarwakin waɗanda suka mutu da kansu ne, ko mota ta kaɗe, ko wayar lantarki ta ja, kuma sai da izinin hukuma da na kwamitin kula da haƙƙin dabbobi.

Darasin farko tun kafin a taɓa aska yake zuwa. Jijiyar da ke mayar da jini in babu komai a cikinta lafewa take yi, ta saje da naman da ke kewaye, ido ba ya raba su. Sai an cika ta da wani abu mai launi. Muna neman jijiyar wuya, mu zura siririn bututu, mu fara wanke hanyar da ruwan gishiri mai ɗumi har gudajin jini su fita, sannan mu tura ruwan roba da aka rina da shuɗi. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne magudanan jinin da ke cikin kai ba su da 'yan ƙofofin nan da ke hana jini komawa baya, irin na jijiyoyin ƙafa. Kana turawa daga wuya, robar na haurawa har tsakar ka. Sirrin yana babban yatsan da ke kan sirinji. Ka matsa da ƙarfi, wata siririyar jijiya ta fashe, shuɗi ya malale ƙarƙashin mayafin ya rufe komai. Ka yi sanyin hannu, ƙananan rassa su zauna fayau. Inda ya fara yoyo, auduga da aka tsoma a ruwan tsami ake dannawa, nan take robar ta daskare. Bayan nan kan ya shiga fomalin, ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, mai kashi 10 cikin ɗari, a ƙyale shi ya yi tauri. Gawar da ta daɗe kafin ta iso, gaskiya ba na ɓata roba a kanta, jinin ya riga ya toshe hanyoyin.

Wajen buɗewa na ajiye zarto. Ƙashin kan wannan biri ba shi da kauri, ga mayafin a manne da shi ta ciki. Da ƙaramar filaya ta ƙashi nake ɓantara kaɗan-kaɗan, ina raba mayafin da ƙashin da bayan hantsaki, har ƙwaƙwalwar ta bayyana a cikin rigarta ba a huda ko'ina ba. Aiki ne mai cin rai. Amma da ka gama, sai ka ga shuɗin layi ya miƙe tun daga goshi har ƙeya, a daidai tsakiya, yana ƙara faɗi yana tafiya baya.

Wannan ne babban magudanin sama. Na yanka shi a gicciye a ƙarƙashin madubin ƙara girma, bakinsa mai kusurwa uku ne, kuma a buɗe ya tsaya. Jijiya ta yau da kullum tamkar tiyo take, a taka ta ta lotse. Wannan kuwa ginannen lambatu ne, bangonsa mayafin ne da kansa ya rabu biyu, babu tsoka a jikinsa. Daga saman ƙwaƙwalwa ƙananan jijiyoyi ke tasowa, su tsallaka ɗan sararin da ke tsakani su faɗa cikinsa. Su ne suka fi komai rauni a duk aikin, ko motsa ƙwaƙwalwar ka yi da garaje sai su tsinke. A mutum ma su ne ke tsinkewa bayan buguwar kai, jini ya taru ƙarƙashin mayafin, musamman ga tsofaffi.

A ƙeya magudanin sama yana haɗuwa da wani miƙaƙƙe da ke fitowa daga can ciki, wanda ke ɗauko jinin tsakiyar ƙwaƙwalwa ta babbar jijiyar da aka raɗa wa sunan Galen, wani likita Bagirke na zamanin da. Daga mahaɗar hanya ta rabu dama da hagu, kowace ta bi gefen shimfiɗar da ta raba babbar ƙwaƙwalwa da ƙarama, ta lanƙwasa ƙasa bayan kunne, ta fice ta wani rami a gindin ƙoƙon kai ta zama jijiyar wuya ta ciki. Har zuwa nan, wanda ya karanta jikin ɗan Adam ba zai ɓata ba. Sai dai mahaɗar ba ta cika zama daidai wa daida ba. A mutane sau da yawa ɓangaren dama ya fi ɗaukar kaya. A biran da na buɗe kowane kai da nasa rabon, shi ya sa ba na yarda da zanen da aka yi daga kai guda a ce haka jinsin yake.

Inda na fi daɗewa shi ne gefen kunne. A nan wani siririn reshe ya balle daga magudanin gefe ya yi gaba, ya bi ta kan ƙashin kunne wajen mahaɗar muƙamuƙi. Mai riƙe da taswirar jikin mutum zai iya ɗaukarsa robar da ta yoyo ya kankare. A kare wannan hanya babba ce, ta nan jini mai yawa ke fita daga kai zuwa jijiyar wuya ta waje, ta cikin kuwa 'yar siririya ce. A ɗan Adam hanyar tana nan lokacin da yake ciki, daga baya galibi ta shafe. Birin nan ya riƙe duka biyun. Tun daga nan na koma ajiye littafin jikin kare a gefe ɗaya na tebur, na mutum a ɗaya gefen, ina duba naman kafin in duba kowannensu. Galen da kansa birai da dabbobin gida ya feɗe ya rubuta game da mutum, har ya ɗora wa mutum wata ragar jijiyoyi a gindin ƙwaƙwalwa wadda ta tumaki da shanu ce. Aka yi ta koyar da ita fiye da shekara dubu, har zamanin masanin sassan jiki Besaliyus da littafinsa na 1543. Mu yanzu kuskuren ta ɗaya ɓangaren yake jiranmu, mu ɗora wa biri abin mutum.

Akwai abin da roba ba za ta gaya maka ba. Tana nuna inda hanya take, ba ta nuna yawan jinin da ke binta a rai. A mutum an san cewa in yana kwance jijiyoyin wuya na ciki ne ke kwashe mafi yawa, in ya miƙe tsaye sai su lafe, ragar jijiyoyin da ke kewaye da ƙashin baya ta karɓi aikin. Kapucin kuwa a wuni guda yana tafiya da ƙafa huɗu, ya miƙe da biyu ɗauke da dutse, ya sunkuyar da kai ƙasa daga reshe wutsiyarsa na riƙe. Saboda haka na daina yanke kai daga gindinsa. Ina barin ƙasusuwan wuya na sama a haɗe, in buɗe su ta baya, in bi shuɗin da ya gangara daga gindin ƙoƙon kai zuwa cikin ƙashin baya, in ɗauki hotonsa da ma'auni a gefe kafin in taɓa komai.