Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Aikin Firem a Shagon Baffa

Makon jiya mun tsaya a inda mahaifina ya kama hannuna ya damƙa wa ƙanensa, Baffa, a shagonsa na buga riguna da ke Jekadafari a cikin garin Gombe. Ƙarshen 2002 ke nan, hunturu ya fara sauka, gari kuma ya ɗau harama saboda zaɓen da za a yi a watan Afrilun 2003. Shekara shida kacal da cire jihar daga Bauchi, sababbin makarantu da ƙungiyoyi sai tsirowa suke, kowa na son bajo da riga mai sunansa. Ga 'yan siyasa, ga masu walimar sauka, ga masu biki da ke son a buga musu hankici da leda.

Ni a raina na zo ne in riƙe sikwiji, wato robar jan fenti, in ja fenti a kan riga, in ɗaga sikirin, wato firem ɗin da aka ɗaura wa raga mai ɗauke da zane, in ga rubutu ya fito. Baffa bai bar ni na ko matsa kusa da teburin bugu ba. Bayan shago ya kai ni, inda aka jibge tsofaffin firem, wasu da yagaggiyar raga a jiki, wasu sun yi baƙi ƙirin da busasshen fenti. Ya miƙo mini filaya da wuƙar kankara da sanfefa.

"Ɗana, nan ne wurinka," in ji shi. "Ranar da na ɗauki firem ɗin da ka gyara ban mayar maka da shi ba, sai mu yi maganar tebur."

Firem ɗinmu a lokacin duk na katako ne, kafinta ke haɗa mana. Da sitefila ake kama ragar, a bi gefe da gefe ana ja ana harbawa. In raga ta mutu, aikina shi ne in zare ƙusoshin nan ɗaya bayan ɗaya, domin guda ɗaya in ta karye ta bar tsini, ita za ta tsaga sabuwar raga tun ba a gama ja ba. Daga nan in kankare, in goge da sanfefa har hannu ya bi fuskar katakon ba tare da ya ji wani abu ya tare shi ba, in kashe kaifin kusurwoyi. Sai in ɗora shi a kan gilashin da muke gasa sikirin a rana don zane ya fito a jikin raga, in danna kusurwa ɗaya. In ɗaya ɓangaren ya ɗaga, firem ya murɗe, kuma murɗaɗɗen firem ba ya zama daidai a kan riga: gefe guda fenti ya yi kauri, gefe guda ya ƙi sauka. Katako kuwa ba ya jure abin da muke masa. Kullum yana cikin ruwan wanki, da damina ya kumbura, da hunturun Gombe ya bushe ya tsage, haɗin kusurwa ya saki. Shi ya sa Baffa ba ya yarda a ɗaura raga a kan katakon da ba a shafe shi da banish ba, har sau biyu, a bar shi ya bushe sosai.

Ana cikin haka Baffa ya yi tafiya Legas sayen kaya, a Shomolu, unguwar masu ɗab'i. Ya dawo da fenti da raga da wasu firem na alminiyon da aka riga aka yi aiki da su, jikinsu duk busasshen jan gam. Ranar maƙwabta har leƙowa suka yi. Ba nauyi, ba ya shan ruwa, ba ya murɗewa da sauƙi. Amma ƙusa ba ta shiga alminiyon, gam kaɗai ke riƙe raga a jikinsa, kuma a nan ne na ga abin da ya sa Baffa ya tsare ni a bayan shago.

Gam ba ya kama wuri mai santsi, ba ya kama wuri mai maiƙo. Duk wahalar da za ka sha a kan waɗannan biyun take. Da farko za ka fige tsohuwar raga, ka kankare tudun gam ɗin da ya taru. Wasu masu sana'ar suna cewa in tsohon gam ya kwanta siriri kuma ya kama gam-gam, a bar shi a ɗora sabo a kai. Baffa bai taɓa yarda da haka ba a kan firem ɗin da bai san wanda ya fara liƙa shi ba, ni ma har yau a kan ra'ayinsa nake. Ba ka san irin gam ɗin ba, ba ka san abin da ya shiga ƙarƙashinsa ba. Mukan goge har sai farin ƙarfen ya fito. Kuma ba sanfefa mai laushi ba, mai kaushi, lamba 80 ko ƙasa da haka, don a nan ba sheƙi ake nema ba. So ake fuskar ta yi zane-zane inda gam zai shiga ya riƙe. Manyan kamfanoni da injin feshin yashi suke yin wannan, mu kuwa da ƙarfin damtse. Gefen ciki da na waje sai a bi su da magagari a kashe kaifi. A duba walda a kowace kusurwa, saboda alminiyon ɗin cikinsa rami ne. In walda ta tsage ruwa zai shige ya ɓuya, sai ka shafa maganin gasa sikirin ka jingine, ya gangaro ya ɓata maka aiki.

Bayan guga sai wanki da ruwan omo, a ɗauraye, a shanya, sannan a share fuskar da tina, wato ruwan tsinka fenti, a farin ƙyalle mai tsabta. Kananzir da muke wanke fenti da shi haramun ne a wannan wuri, domin yana barin maiƙo ko bayan ya bushe. Ana sharewa ana juya ƙyallen har sai ya daina ɗauko baƙi. Daga nan ba mai sake taɓa fuskar da hannu, ta gefe ake ɗauka, kuma ba a gyara firem yau a ce sai jibi za a liƙa.

Wanda ya san hunturun Gombe ya san ba mai fita daga gida bai shafa mai ba, in ba haka ba hannu da ƙafa su yi kaushi su tsage. To, kowace safiya kafin a taɓa firem Baffa zai tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ku kawo hannuwanku in gani." Duk wanda tafinsa ke ƙyalli da basilin, sai ya je ya wanke da sabulu. Sawun yatsa ɗaya ya isa gam ya ƙi kamawa a wurin, kuma ba a ranar za ka gani ba. Sai an yi nisa da bugu, tina ta fara ratsa gefe, raga ta soma ɗagawa daga daidai nan. Ƙura ita ma haka. In iska ta taso mukan sauke labulen buhu, amma ba ma rufe ƙofa ruf, saboda warin tina da gam na hawa kai, ga shi abu ne mai kama wuta. Ko mai shayin maƙwabtanmu ya san ba a shigo mana da garwashi.

Jan raga shi Baffa ke yi da kansa, ni ina riƙe masa. Yana da wani katako mai maƙalai da ya sa aka ƙera masa, wanda ya fi firem ɗin faɗi. A kama raga ta kowane gefe a ja a hankali, zare a miƙe ba a karkace ba, a sassauta kusurwoyi don nan ne take fara yagewa. Ba ya liƙawa nan take. Ragar foliyesta tana saki bayan an ja ta, don haka sai ya bar ta ta huta, ya ƙara ja, sannan a turo firem daga ƙasa ya haɗu da ita ko'ina. Akwai na'urar da ke auna ƙarfin ja, masu sana'ar na neman ma'aunin ya nuna wajen niyutan 20 a santimita, amma mu ba mu da ita. Baffa da yatsa yake ƙwanƙwasawa ya saurara, yadda makaɗi ke gwada fatar kalangu. Ta riga mai lamba 43 ce, wato zare 43 a kowane santimita. Ta sitika da leda kuwa 90 zuwa 120, ita ta fi tsada kuma ta fi saurin yagewa.

Gam ɗin daga sama ake shafa shi, a danna da guntun kwali mai tauri ya ratsa ragar ya isa ƙarfe. Inda ka ga wuri ya yi fari-fari, bai kama ba. Akwai gam na musamman mai haɗi biyu, wanda in ka gauraya shi dole ka yi sauri kafin ya daskare a gwangwani. In ya ƙare, mukan koma ga irin na masu gyaran takalmi, amma shi tina na narkar da shi, sai an bi bayansa da banish da salatif an rufe gefen ciki. Ba a yanke ragar daga maƙalai sai gam ya bushe ƙayau. Yaran shago da yawa a nan haƙurinsu ke ƙarewa.

Gab da zaɓe wani mutum ya shigo mana da buhun riguna a kafaɗa, ransa a ɓace. A wani shago aka buga masa, kala uku, amma jan ya hau kan kore, fuskar ɗan takarar ta zama biyu. Baffa ya ɗaga riga ɗaya ya duba, ya ce masa ba laifin fenti ba ne, ba kuma na mai zane ba, raga ce ta saki a tsakiyar aiki, kowane ja na sikwiji tana matsawa. Mutumin ya ce yana son sababbi kafin taron Asabar. Baffa ya juyo ya ce in kawo firem uku daga cikin waɗanda na gyara. Ya ɗora kowanne a kan gilashi, ya danna kusurwa, ya karkata shi ga hasken ƙofa ya bi fuskar da ido. Bai mayar mini da ko ɗaya ba.

"Baffa, in ɗauko raga?" na tambaye shi.

"Ɗauko mai lamba 43. In mun gama, ka wanke hannu ka same ni a tebur."

A daren nan muka kwana a shago da fitilar ƙwai biyu, don wutar NEPA ta ɗauke tun magariba. Yadda aka kaya da rigunan nan, da kuɗin aikin da har aka rantsar da sabuwar gwamnati a watan Mayu ba su shigo hannun Baffa ba, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.