Inda kuɗin biki ke sauka

Masu sukar tsadar biki, a kan mumbari ko a Facebook, suna da gaskiyarsu, sai dai inda kuɗin ya fito kawai suke kallo. Ni da nake sana'ar hayar rumfa da kujeru a Kano, har na kai ga karɓar hidimar taro ɗungurungum, a inda kuɗin ke sauka nake tsaye, kuma abin da nake gani daga nan daban ne.

Mai biki zai miƙo kafin alƙalami da hantsi, kafin la'asar kuɗin ya watse. Akwai direban a-kori-kura, da 'yan dakon da za su loda kujeru, da samarin da ke kafa rumfa, da mai janareta, da mai lasifika. Masu girki tun da asuba suna kasuwar 'Yankaba wajen tumatir da attaruhu, shinkafa da mai kuma daga Singa aka ɗauko su. Tun makonni kafin nan an yanko anko a Kantin Kwari, tela ya kwana a kan keke, mai dilka ta gama da amarya, mai lalle da mai kwalliya suna jiran nasu lokacin. Ga mai ƙanƙara, ga mai hoto, ga sanƙira. Yawancin mutanen nan ba su da shago, ba su da albashi, da yawansu mata ne da ke sana'ar daga cikin gida.

Wanda yake son ya ga wannan da idonsa, ya tsaya bayan an watse. Wajen sha ɗayan dare, an kashe kiɗa, yarana suna jera kujeru goma-goma ina ƙirgawa da fitilar waya, domin kujerar roba ƙafa gare ta, in ba ka sa ido ba sai ta bi baƙi gida. A bayan rumfa mata uku ko huɗu sun duƙa a kan manyan tukwane suna kankare ƙanzo, kowacce da ledar abincin da za ta kai wa 'ya'yanta. Wata dattijuwa na bi tsakanin tebura da buhu tana tsince robobin ruwa, gobe ta wanke ta sayar wa masu zoɓo da kunun aya. Ba wanda ya gayyace ta, ba ta cikin lissafin kowa, amma cefanenta na kwana biyu daga bikin nan ya fito.

Sana'ar ta kuma koya mini kallon wata fiye da kallon kalanda. Rajab da Sha'aban rububi ake yi, kowa na so a kai amarya kafin azumi, har sai ka ari kujeru a wajen abokin sana'a. Azumi na kamawa kasuwa ta kwanta, sai 'yar hayar darduma da lasifika ta wuraren tafsiri da buɗa-baki. Bayan Sallah a sake tashi, haka ma ƙarshen shekara lokacin da ma'aikata da 'yan makaranta ke hutu. Damina kuwa fargaba ce zalla, hadari ɗaya ya isa ya lanƙwasa maka ƙarafunan da ka shekara kana tara kuɗinsu. Wanda bai ajiye ribar Sha'aban ba, da Sallah sai ya sayar da rumfa ya ɗinka wa yara kaya.

Ban san nauyin sana'ar ba sosai sai da ta tsaya. A watan Afrilun 2020, ana dab da shiga azumi, aka kulle Kano saboda korona, aka hana taro, Sallar shekarar ma ba a yi hawa ba. Aure bai tsaya ba, ana ɗaurawa da mutane ƙalilan a zaure, kuma ya ɗauru. Amma 'yan dakon da na saba kira suka koma kirana, ba don aiki ba, sai don ko akwai ɗan abin da za a sayi gari. A farkon 2023 kuma, da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi wuya, liƙi ya ɗauke, maroƙa da makaɗa suka ji a jikinsu. Ana cikin farfaɗowa aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu, kuɗin mota da na janareta suka yi sama. Duk abin da ya taɓa aljihun jama'a, mu yake fara duka, domin taro shi ne abin da ake fara ragewa.

Haka abin yake a manyan taruka, girma ne kawai ya bambanta. Hawan Daushe da Hawan Nasarawa, a idon mai kallo ado ne da sarauta. A ƙarƙashinsu akwai dukawa masu haɗa kayan doki, da maƙeran linzami da likkafa, da masu ɗinkin manyan riguna, da masu naɗa rawani, da masu sayar da harawa da dusa, da masaukan baƙi, da 'yan Adaidaita Sahu. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali, a shekarar da aka hana hawan Babbar Sallah saboda rikicin masarauta. An yi ta muhawara a kan wa ke da gaskiya, ban ji wanda ya tambayi baduku yadda ya yi da kayan da ya riga ya haɗa ba.

Akwai kuma abin da ba ya shiga littafin ciniki. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, aka rufe babin tsohuwar gabar da ke tsakanin Sakkwato da Kabi. Taro ne ya zama shaidar sulhu. A tawa 'yar ƙaramar duniyar ma ina ganin irinsa. Uwar biki kan ja ni gefe ta ce, "Malam, waɗancan biyun kada ka haɗa su tebur ɗaya, amma kada ka nisanta su." Wa da ƙani ne da rabon gado ya raba. Na sha ganin an fara da kawar da kai, an ƙare da gaisawa a bakin mota. Shi ya sa na ɗauki tsara wurin zama da muhimmanci fiye da furanni da fitilu, ko da yake furannin ne ake ɗauka a hoto.

Ba ina wanke kowane biki ba ne. Wanda ya ci bashi ya yi kamu da yini da dina don kada a ce ya gaza, kansa ya cuta, kuma mu ma ya cuce mu, domin shi ne wanda za ka yi wata uku kana bin sa ciko. Idan na ga alamar haka nakan ce, "Alhaji, mu rage rumfa ɗaya, mu bar dinar nan, walimar ta wadatar." Wasu su ji, wasu su tafi wajen wanda ba zai faɗa musu ba. Almubazzaranci na gaskiya a wajena shi ne abincin da ake juyewa a kwata alhali ga almajirai a ƙofa, da kuɗin da ake tattakawa a filin rawa alhali mai wanke-wanke ba a sallame ta ba.

Saboda haka na sa wa kaina ƙa'ida ɗaya: 'yan dako, masu kafa rumfa da masu wanke-wanke a daren nake biyan su, ko mai biki ya cika ko bai cika ba. Kuɗinsu nake fara warewa daga kafin alƙalami, in sa a ambulan daban. Mai ɗakin taro da mai hoto suna iya jira zuwa Litinin.