Wata uku da kyamarar zafi: hannuna ya ɓace a zafin Afrilu

Salam 'yan uwa masu koyo, ga inda aikin nan ya kai. Wanda bai san farkon maganar ba, so nake in riƙa ba kwamfuta umarni da motsin hannu kawai, in kaɗa dama ta wuce shafi na gaba, hagu ta dawo baya, in buɗe tafi ta tsaya. Kuma da kyamarar da ke ganin zafin jiki nake yi, don tana aiki ko an ɗauke wuta ɗaki ya yi duhu, sannan ba ta nuna fuskar kowa, ko a falon gida ka ajiye ta ba wanda zai takura.

Na fara da wata ƙaramar kyamarar zafi mai suna AMG8833 ta kamfanin Panasonic, ɗigo 64 ne kacal a hotonta, 8 sau 8, hannu sai ya fito kamar curin fura, yatsu ba sa rabuwa. Shi yasa na koma MLX90640 ta Melexis mai 32 sau 24, ɗigo 768, na haɗa da ESP32, wata 'yar ƙaramar kwamfuta da ke karɓar hoton, ta hanyar haɗin waya da ake kira I2C, waya huɗu ne. Ku lura, ita rabi-rabi take karanto ɗigon, in ka sa ta karanta sau 16 a sakan to cikakken hoto 8 kake samu a sakan, in ka ƙara gudu kuma hoton ya riƙa rawa.

To ga abin da ya ci min sati biyu. A Janairu lokacin hunturu komai lafiya lau, ɗaki wajen digiri 22, hannuna 32 zuwa 33, sai na rubuta cewa duk abin da ya wuce 28 hannu ne, kuma wallahi yana aiki tsaf. Da zafi ya shigo, rufin kwano ne da mu, da rana bangon da ke bayana har 37 yake nunawa, allon gaba ɗaya ya zama ja, na ɗauka na'urar ce ta lalace har na sake walda wayoyin, ashe lafiyarta ƙalau, hannun ne ya koma ya fi bango sanyi, yana nan a matsayin tabo mai duhu ni kuma ina neman mai haske. Ita bambanci take gani tsakanin hannu da abin da ke bayansa, shi ke nan.

Yanzu abin da nake yi, da na kunna sai ta ɗauki hoto 20 ba hannu a gaba, ta fitar da matsakaicinsu ta riƙe, duk sabon hoto a cire masa wannan, inda bambanci ya wuce digiri 1.5 ko sama ko ƙasa nan ne hannu. Saura matsalar hantsi, wajen ƙarfe 11 bango da hannu suna zuwa daidai, sai dai in rataya jiƙaƙƙen tawul a baya ya sanyaya wurin.

Kar ku sa mata gilas don ƙura kamar yadda na yi, gilas ba ya barin wannan hasken zafin ya wuce, siririyar farar leda ita ke bari.

Jiya na ɗora tafina kan tebur na katako na ɗaga, sai ga sawun yatsu biyar ya zauna a allon na 'yan daƙiƙu. Sati mai zuwa in sha Allahu zan gwada zana da'ira da yatsa a tebur in ga ko za ta karanta kafin ya huce, dan Allah wanda ya taɓa gwadawa ya faɗa min tazarar da ya ajiye kyamarar.