Abin da zoben LH1 ya koya mini

Kafin in miƙa makullin ɗakin gwaji, akwai maganar da nake so masu shigowa bayana su ji.

Kowa a fannin nan na nazarin yadda bakteriya ke amfani da haske da LH2 yake buɗe ido, zoben furotin mai tattara haske da aka fayyace surarsa a Gilasgo a 1995: tagwayen furotin tara a kewaye, riƙe da bakteriyokulorofil 27, wato launin da ke kama haske. LH2 akwai juriya, LDAO, sabulu mai kaifi da ake ciro furotin daga tantanin ƙwaya da shi, ba ya yi masa komai. Ni kuwa aikina a kan LH1 na bakteriyar Rhodobacter sphaeroides ne, zoben da ke rungume da cibiyar sarrafa haske, wani ƙaramin furotin mai suna PufX kuma ya hana shi rufewa. LH1 ba ya ɗaukar sabulu mai kaifi.

Oga da LDAO ya yi digirinsa, kuma ba ya son jin sunan wani. Sai in raini bakteriya a gaban fitila har kwalba ta yi ruwan ƙasa, in fasa ƙwayoyin, in ware tantaninsu, in zuba abin da ya ce. A awon shan haske, a gaban idona ƙololuwar nanomita 875, wadda ke nuna LH1 na nan lafiya, take zubewa, wata ta taso wajen 770, alamar launin ya sulluɓe daga jikin furotin. Na kai masa sakamakon a taron mako. Ko ɗaga takardar bai yi ba. "Hannunka ne bai faɗa ba tukuna," in ji shi, a gaban ƙananan ɗalibai. Har yau in na tuna sai raina ya sosu, don watanni na yi ina zargin hannuna.

Da dare, bayan kowa ya watse, na gwada DDM, wani sabulu mai sauƙi. Washegari na ɗago bututun ruwan sukari daga injin juyawa, sai ga layi na daban can ƙasa: cibiyoyi biyu manne da juna, masu surar S. Da aka zo rubuta takarda, canjin sabulun ya koma "shawarar ƙungiya", sunana kuma na uku.

Saura kaɗan ne. Ku kāre samfuri daga haske da iska, ku bar shi a kan ƙanƙara. Ku auna shi kafin ku kai shi madubin lantarki, kada ku ƙona lokacin na'ura a kan gawa. In awo da babba suka saɓa, ku sake awon, ku kira shaida.

Tsarin DDM ɗin yana cikin littafina mai koren bango, da kwanan wata a kowane shafi. Mai shakka ya buɗe.